Idan Ruwa Ya Ci Gona, Wa Ke Biyan Asara?

Duk shekara, a lokacin kare kasafin kuɗi, shugabannin ma'aikatu kan gurfana gaban kwamitocin Majalisar Tarayya. Tambayoyin da ake yi wa jami'an noma ba su cika canzawa ba: buhun taki nawa aka raba, taraktoci nawa aka sayo, nawa suka isa mazaɓata? Ba laifi ba ne a yi su. Amma duka suna magana ne kan abin da aka ba manomi kafin shuka, alhali abin da ke karya shi yana zuwa ne daga baya, ranar da ambaliya, fari ko tsutsa suka cinye gonar. Tambayar da ta fi cancanta ita ce: mutum nawa aka biya diyya, kuma bayan wata nawa?

Najeriya tana da hukumomin da aka kafa domin wannan rana. Tun 1987 aka soma shirin inshorar noma, wanda hukumar NAIC ke gudanarwa, kuma tsarinsa ya tanadi gwamnati ta ɗauki rabin kuɗin inshora a kan wasu amfanin gona da dabbobi. Babban Banki ya kafa NIRSAL don ta raba asara da bankuna, su saki jiki su ba da rancen noma. A Nuwamban 2015 kuma aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, wanda ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya.

Sai dai a lura da inda kariyar ta dosa. Galibin inshorar noma a ƙasar nan an ɗaure ta ne da bashi: wanda ya karɓi rance shi ake sa wa, kuma abin da ake karewa shi ne kuɗin mai ba da rancen. Manomin da ya sayar da akuya ya sayi iri, ko ya ci bashin ɗan kasuwa zuwa kaka, ba ya cikin lissafi, kuma irinsa ne suka fi yawa. Ambaliyar 2012 da ta 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, sun nuna abin da ke biyo baya: rabon shinkafa da katifu. Tallafi alheri ne da ake jira. Diyya haƙƙi ce da ake iya nema. Ɗan majalisa ya kamata ya san bambancin.

Masunci ya fi manomi zama maraya. Jarinsa kwalekwale ne da taru da wurin banda, ba shi da takardar fili da banki zai karɓa jingina. Baga ta daɗe tana ciyar da kasuwannin kudu da bandar kifin Tafkin Chadi, har rikicin Boko Haram ya durƙusar da cinikin shekaru da dama. Yanzu sashen kula da kamun kifi na tarayya ya koma ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙira a 2023, wadda babban aikinta tashoshin jiragen ruwa ne. Wajibi ne wakilan Borno, Yobe, Jigawa, Kebbi da Neja su tambaya: a kasafin wannan ma'aikata, nawa ne rabon masuntan tafki da kogi?

Kwarin Haɗeja ya isa misali. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun kawo noman rani a Kano, amma sun sauya yadda ruwa ke sauka zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Ranar da aka saki ruwa daga madatsa tana yanke hukunci kan shinkafar wani da kifin wani, amma mai sakin ruwan yana wata ma'aikata, mai inshora yana wata, mai kula da kifi yana ta uku. Majalisa na iya zaunar da su a teburi ɗaya, domin sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulki sun ba ta ikon bincike da kiran jami'ai.

Wasu za su ce tambaya kan yanki ɓangaranci ne. A ganina, wakilin da ya nemi a gina masa ofishin hukuma a garinsu shi ke ɓangaranci. Wanda ya nemi a fito da alƙaluman diyya jiha-jiha kuwa, yana yi wa kowa aiki ne, har da masuncin Bayelsa da manomin Binuwai. Haɗarin kowane yanki daban ne, shiri ɗaya ba zai dace da kowa ba, kuma ba a gane hakan sai an ga alƙaluma.

Saboda haka, idan wakilinku ya dawo gida neman ƙuri'a, ku tambaye shi abin da ya tambaya a zauren kwamiti, da amsar da aka ba shi a rubuce.