GYARA KAYANKA BAI ZAMA SAUKE MU RABA BA

Daga Wakilinmu na Arewa

Jama'a, duk wanda ke neman abinci a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya san irin faɗuwar gaban da mutum kan yi in ya tura kuɗi gida ta waya, aka cire su daga asusunsa, amma can Katsina ko Sakkwato aka ce ba su iso ba. Wani lokaci laifin layin sadarwa ne, wani lokaci kuwa kuskure ne a cikin manhaja, watau rubutaccen umarnin nan da kwamfuta ke bi. To, irin wannan kuskure ba ya gyara kansa, sai wani ya zauna ya farauto shi, kuma shi ma mafaraucin yana da kayan aikinsa. Ɗaya daga cikin mafiya daɗewa a irin waɗannan kayan aiki sunansa GDB, kuma a kansa nike so in yi magana yau. Ra'ayina shi ne, mutanen da suka shafe shekara da shekaru suna kula da shi sun cancanci yabo da taimako daidai da masu ƙirƙiro sababbin abubuwa, in ma ba su fi ba.

Bari in fara da bayanin aikinsa. Manhaja babba takan ƙunshi layin rubutu dubbai, wata ma miliyoyi, kuma kwamfuta kan bi su cikin ƙiftawar ido, ba ta tambaya, ba ta shawara. In an rubuta mata daidai ta yi daidai, in an rubuta mata kuskure ta aikata kuskuren da iyakar ƙarfinta. Injiniyoyi suna kiran irin wannan kuskure ƙwaro. Har ma akwai labarin da suke son bayarwa, cewa a shekarar 1947 ma'aikatan wata kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka sun tarar da ƙwaro na gaske ya maƙale a cikinta, suka cire shi suka manna a littafin aikinsu.

Abin da GDB ke yi shi ne ya ba injiniya ikon tsai da manhaja tana cikin gudu. Sai ya kafa mata shinge a layin da yake zargi, kamar yadda ake tsai da babbar mota a kan hanya, in ta iso nan ta tsaya ya duba kayan da ta ɗauko, watau lambobin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a wannan lokacin. Sa'an nan yana iya sa ta tafiya layi ɗaya ɗaya yana kallo. Yana kuma iya sa wa wata lamba mai gadi, da zarar an taɓa ta komi ya tsaya. In kuwa manhajar ta riga ta faɗi, sai ya bi sawunta ya ga ta ina ta biyo har ta kai inda ta faɗi.

Wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ne ya fara rubuta GDB a shekarar 1986, cikin shirinsa na GNU wanda ya yi shelarsa a 1983. Sharaɗin da ya gindaya shi ne, kowa na da ikon ɗauka ya yi aiki da shi, ya karanta yadda aka rubuta shi, ya gyara, ya kuma ba wani, muddin bai hana na gaba wannan iko ba. Tun daga lokacin ba a daina yi masa aiki ba. A 2009 aka fito da bugu na 7.0, wanda ya zo da dabarar mai da manhaja baya, watau injiniya ya koma da ita taki taki daga inda ta faɗi zuwa inda ɓarnar ta soma. A wannan bugun ne kuma aka ba masu aiki da shi damar ƙara masa dabarunsu da harshen kwamfuta na Python. A 2012 aka koya masa harshen Go, a 2016 kuma harshen Rust, harsunan da ba a ko yi mafarkinsu ba ran da aka fara rubuta shi.

Mai karatu zai ce, ashe abin da aka yi tun 1986 har yanzu ba a gama ba? Amsa ita ce irin wannan aiki ba shi da ranar gamawa, domin kuwa ƙasar da yake tsaye a kanta kullum motsi take yi. Kamfanoni na fito da sababbin ƙwaƙwalen kwamfuta, ana ƙago sababbin harsuna, manhajoji kuma na ƙara girma da sarƙaƙiya. Bugu da ƙari, shi kansa GDB manhaja ce, yana da nasa ƙwarin da ake kamawa a kai a kai. Ranar da aka daina kula da shi, ranar ce zai fara zama kamar ma'aunin da ya lalace, mai shi na awo yana tsammani daidai ne.

Wanda ke shakkar haɗarin dogara da aikin jiya ba tare da sake dubawa ba, to ya tuna da rokar Ariane 5 ta ƙasashen Turai. Ran 4 ga watan Yuni na 1996 aka harba ta karo na farko, ba ta cika minti ɗaya a sama ba ta tarwatse. Da aka bincika sai aka tarar an ɗauko wani sashe na manhajar tsohuwar roka Ariane 4 an sa mata, ita kuwa sabuwar tafiyarta ta bambanta, sai wata lamba ta yi girman da gurbin da aka tanadar mata bai iya ɗauka ba. Dukiya mai yawa ta salwanta a kan lamba ɗaya.

Lalle akwai masu suka, kuma ba a rasa gaskiya a bakinsu ba. Wasu na cewa GDB wuyar koyo gare shi, sai mutum ya haddace umarni yana rubutawa. Kamfanin Apple ma ya bar shi ya koma ga wani mai suna LLDB. Shi kuwa Linus Torvalds, wanda ya ƙago Linux, ya daɗe yana ƙin a sa irin wannan kayan aiki a cikin zuciyar Linux, bisa hujjar cewa yana sa mutane toshe inda ya ɓulle maimakon su fahimci asalin cutar, sai a 2008 ya yarda aka shigar. Na yarda cewa kayan aiki ba ya maye gurbin hankali, kamar yadda abin awon likita ba ya warkar da majinyaci. Amma fa likitan da ba shi da abin awo cinta kawai yake yi. Samun abokin gasa kuwa alheri ne, don ya sa kowane ɓangare ya ƙara himma. Akwai kuma masu cewa yanzu kwamfuta na rubuta manhaja da kanta. To, ai yawan rubutu shi ne yawan wurin da kuskure zai ɓuya, saboda haka bukatar mafarauci ƙaruwa za ta yi.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da masu kula da irin waɗannan kaya ke ciki. GDB ya yi sa'a, kamfanoni irin su Red Hat da AdaCore na biyan wasu daga cikin masu yi masa aiki. Da yawa ba su sami haka ba. A watan Maris na 2024 aka gano cewa wani ya shafe wajen shekara biyu yana nuna kirki ga mai kula da wata ƙaramar manhaja mai suna xz, mutum guda da aiki ya yi wa yawa kuma ba mai biyansa, har ya amince masa, shi kuwa ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa wadda da ta yaɗu da ta buɗe kwamfutoci masu yawan gaske ga ɓarayi. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya tona asirin, bayan ya lura da jinkiri na kamar rabin daƙiƙa, da kuma ƙorafin da wani kayan farautar kuskure mai suna Valgrind ya riƙa yi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da kayan farauta irin waɗannan ne aka hango tsagar kafin ɓarna ta auku.

Saboda haka kirana biyu ne. Na farko ga bankuna da kamfanoni da gwamnatocin da ke cin moriyar waɗannan kaya kyauta, ya kamata su ware wani abu don masu kula da su, ko su ba ma'aikatansu lokaci su sa hannu a aikin. Na biyu gare ku 'yan'uwa mazauna Kudu. Yaranmu da yawa na gyaran waya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja da sauran wurare, kuma wanda ya iya gano inda waya ta mutu yana da irin haƙurin da wannan aiki ke bukata. GDB ba a sayensa ko da kwabo, littafin koyonsa ma kyauta ne a intanet, sai dai da Turanci yake, don haka kada a cire yaro daga makaranta saboda ya fara samun na cefane. In ɗanka ya ce yana so ya koyi gyaran manhaja, kada ka ce masa ya nemi aikin da ya fi wannan suna. Allah ya sa mu gane, amin.