Dabbobin Gidanmu da Masu Jinyarmu

A ƙauyukanmu na Tofa, daga Doka zuwa Lambu har Yanoko, akwai abin da 'ya'ya ke yi wa iyaye da kyakkyawar niyya, ni kuwa cutarwa nake gani a ciki. Da zarar tsohuwa ta fara rauni, ko mijinta ya rasu ta shiga takaba, sai 'ya'yan da ke birni su zo su ce, "Inna, a sayar da awakin nan ki huta." Ranar kasuwa a kora su, a kawo mata kuɗi ƙulle a leda. An raba ta da wahalar dusa da harawa, wannan gaskiya ne. An kuma raba ta da abin da ke tashinta da asuba, wanda take yi wa faɗa, wanda ke kuka in ya ji motsin takalminta. Bayan 'yan watanni sai ka ji ana cewa Inna ta rage magana, abinci ma sai an lallaɓa ta.

Abin da muke kwancewa daga turke mu sayar, wasu ƙasashe horar da shi suke yi su kai wa marasa lafiya. Tun 1796, da William Tuke ya buɗe gidan kula da masu taɓin hankali a York ta Ingila, aka riƙa ajiye zomaye da kaji a farfajiya domin majinyata su kula da su, a zamanin da sauran wurare ɗaure irin waɗannan mutane ake yi da mari. A Amurka kuma wani likitan halayyar yara, Boris Levinson, ya lura cewa yaron da ya ƙi buɗe baki gabansa ya saki jiki da karensa Jingles. Ya rubuta bayanin haka a 1962, abokan aikinsa da yawa suka yi masa dariya. Daga baya ƙungiyoyi irin su Therapy Dogs International, da aka kafa a 1976, da Pets As Therapy ta Birtaniya, ta 1983, suka riƙa tura masu aikin sa kai da dabbobinsu asibitoci da makarantu da gidajen tsofaffi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tsarinsu shi ne tantancewa. Kafin a yarda dabba ta shiga wurin mai jinya sai an gwada ta: a yar da faranti kusa da ita a ga ko za ta zabura, a turo keken guragu, baƙo ya shafa ta da hannu mai rawa, yaro ya rungume ta ba zato. Likitan dabbobi ya duba lafiyarta da rigakafinta. Mai ita ma a koya masa ladabin ɗakin jinya da yadda zai gane dabbarsa ta gaji. Ba a biyansa ko sisi. Dubiya ce irin wadda addininmu ya kwaɗaitar da mu, sai dai su sun yi mata tsari.

Na san inda mai karatu zai tsaya: kare. A wurinmu kare na farauta ne da gadi da bin garke, ba ya hawa tabarma. Malaman Malikiyya ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, amma hukuncin ajiye shi a gida zancen malamai ne, na bar musu. Ko an ajiye fiƙihu a gefe, akwai ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, karnukan ƙauyenmu kuwa kaɗan ne suka taɓa ganin allura. Saboda haka ba na kira a shiga da kare ɗakin mai jinya a Tofa. Ba ma buƙatar haka.

Muna da doki. A 1952 wata mata 'yar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ta shanye wa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, ta ci lambar azurfa a gasar sarrafa doki ta Olamfik a Helsinki, alhali sai an ɗora ta an sauke ta. Labarinta ya zaburar da masu gashin ƙashi a Turai, har aka kafa ƙungiyar hawan doki ta naƙasassu a Birtaniya a 1969. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa hawa: takun doki yana juya ƙugun mahayi gaba da baya da gefe, kusan yadda ƙugu ke yi in mutum na tafiya, jijiyoyin baya da na ciki su yi ta aiki don riƙe zama. To wace ƙasa ce ta kai Kano dawaki? An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Najeriya a 2020, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, ga yaran da aka haifa jikinsu a sanƙare ba sa iya zama. Dawakinmu kuwa suna barga suna cin harawa, sai hawan sallah ko angwanci ko kilisar yamma. Jaki ma, mai haƙuri da gajeren tsayi, ya fi dacewa da yaro mai tsoro, in dai masu fataucin fata sun bar mana shi. Tarayyar Afirka ta hana yanka jakuna don fatarsu a 2024, amma ƙauye ya riga ya ji raguwarsu.

Wani dattijo a unguwarmu ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. A asibiti aka ba shi 'yar ƙwallon roba aka ce ya riƙa matsawa, ya jefa ta ƙarƙashin gado ya ce shi ba yaro ba ne. Jikansa mai kiwon tattabaru ne. Kullum da hantsi in an fito da tsohon zuwa zaure, yaron sai ya buɗe masa tafin hannun da ya mutu, ya zuba dawa a ciki, ya tallafe gwiwar hannun. Wata farar tattabara ta saba, ta riƙa sauka a kan yatsun tana tsattsaga. Na ga tsohon yana cije leɓe, gumi na tsattsafo masa a goshi, yana ƙoƙarin tanƙwara yatsu kada dawar ta zube. Ran da yaron ya makara, da kansa ya ɗaga murya, harshe a karye: "Kai, ina tsuntsayen nan?" Ban ce tattabaru sun warkar da shi ba, maganin hawan jininsa bai daina sha ba. Amma motsa hannun da ya ƙi yi wa likita, ya yi wa tsuntsuwa.

Dole a faɗi iyakar abin. Binciken masana ya fi nuna sauƙin fargaba da kaɗaici na ɗan lokaci, da ƙarin himmar motsa jiki. Dabba ba ta maye gurbin ƙwaya ko allura, kuma duk wanda ya ce maka hawan doki zai miƙar da gurgu, neman kuɗinka yake.

Maƙwabtanmu na Dawakin Tofa ne ke da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, na ƙashi kuma yana Dala. Ina roƙon ma'aikatansu su dubi wannan hanya, kamar yadda Farfesa Adeoye Lambo ya dubi ƙauyukan Aro a 1954 ya zaunar da majinyata cikin gidajen jama'a. Nan Tofa kuwa farawar ba ta buƙatar kwangila. 'Yan agajinmu sun saba da aikin Allah, samarin kilisa sun san dokin da ba ya harbi ba ya cizo. A zaɓi irin wannan, malamin dabbobi ya duba shi ya cire masa kaska da tsutsar ciki, mai gashin ƙashi ya faɗi yaron da ya dace ya hau da wanda bai dace ba. Mutum ɗaya ya riƙe ragama, biyu su bi gefe da gefe, yaro da hular kwano, a yi da sanyin safiya, a sauka kafin doki ya gaji. Masu dawakin Tofa, safiya ɗaya a mako nake roƙon ku ara wa yaran nan.