Takardar Shaida Ba Ta Isa Ba Sai An Zauna Gaban Gwani

 Malamai da attajirai, ku kuka fi kowa sanin cewa sauke karatu dabam, zama gwani dabam, kuma ba a danƙa wa yaron kanti jari sai ya daɗe a hannun maigidansa. A kan wannan ma'auni nake so mu auna masu haɗa magani, watau famasis, game da ciwon sukari da danginsa.

A ƙasar Amurka, tun shekarar 1962 ƙungiyar masu haɗa magani na asibitoci ta shimfiɗa ƙa'idodin wani horo da ake yi bayan an gama jami'a. Mai neman ƙwarewa yakan lizimci asibiti shekara guda cur, yana duba majinyata ƙarƙashin manyansa. In yana son zurfafawa sai ya ƙara shekara ta biyu a fanni ɗaya, kamar kula da masu zuwa asibiti su koma gida, waɗanda masu ciwon sukari suke da yawa a cikinsu. A wurare da dama likita kan wakilta shi, bisa yarjejeniya rubutacciya, ya ƙara magani ko ya rage.

Me ya kawo wannan ɗawainiya? Dalili shi ne maganin wannan ciwo yana kashewa kamar yadda yake rayarwa. Insulin, wanda aka gano a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, akwai mai ƙarfin 40 akwai mai ƙarfin 100. Wanda ya zuƙi na 100 da sirinjin na 40 ya ninka wa kansa allura sau biyu da rabi. Zafi yana rage masa ƙarfi, ƙanƙara kuwa ɓata shi take yi. Ƙwayar glibenclamide takan kā da sukarin dattijo ko mai azumi har ya suma. Metformin ba ya dacewa da wanda ƙodarsa ta yi rauni ƙwarai. Mai shan levothyroxine saboda ciwon maƙoshi, in ya haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini mai ƙarfe, jiki ba ya karɓarsa sosai. Duk wannan yana cikin littafi, amma gane wane majinyaci ne hukuncin ya hau kansa, sai wanda ya ga ɗaruruwa a gaban malaminsa.

Mu nan buƙatarmu ta fi tasu. Ga zafin bazara, ga ƙarancin wutar lantarki, ga likitocin wannan fanni 'yan ƙalilan. Ga kuma dexamethasone da ake sayar wa mata don ƙiba da sunan "sha ka fashe", alhali yana ta da sukari, kuma barinsa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha haɗari ne babba.

Wani zai ce wannan shiga gonar likita ne. A'a. Likita ke gano cuta. Gwanin magani kuwa ya tsare awo da lokaci da abin da bai kamata a gama ba. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da matsayin babban ƙwararre ga masu haɗa magani, to amma muƙami ba ya warkarwa. Lalle ne asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su mai da zama gefen gadon majinyaci ginshiƙin wannan horo.

Ku attajirai, wanda ya ɗauki nauyin ɗalibi guda na shekara biyu ya amfani gari. Masu kantin magani kuwa su sani insulin ba kayan koli ba ne. Ku malamai, kafin watan azumi ku riƙa tura masu ciwon nan wurin masana a daidaita musu magani, gama maganarku ake ji.