Ba tukuici muke nema a banki ba, kuɗinmu muke bi

A Amurka mutum kan yi rigima da bankinsa kan makin tukuici da ake tara masa idan ya yi sayayya da katin bashi. Mu a Kano ba mu kai nan ba, uwar kuɗin muke bi.

Watan jiya na miƙa katina a Kasuwar Kurmi zan sayi takalmi. Na'urar POS ta ce ciniki bai shiga ba, wayata kuma ta ce an cire naira dubu 18. Mai shago ya rantse bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa ce. A banki aka ce min, "Malam, yi haƙuri, za su dawo." Sawu uku na yi, amsar ɗaya.

Wannan haƙurin ne ke cutar mu. Tun Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 72 a warware irin wannan matsala ta POS, awa 48 kuma idan ATM ɗin wani banki ne ya riƙe maka kuɗi. Tun da ƙarancin takardun naira na 2023 ya tura 'yan kasuwa kan POS, mutum nawa aka gaya wa haka?

Kada ka tsaya ga ƙorafin baki. Rubuta shi, haɗa da rasit, ka nemi lambar ƙorafi. In an yi mako biyu shiru, kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin. Ni ranar da na nemi lambar nan a rubuce, kafin la'asar kuɗina suka dawo.