Kujerar Tarauni: A Tambayi Mai Nema Kafin 2027

Tun 2018 dokar ƙasa ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25, kuma shaidar sakandare ta wadatar. Ƙofa a buɗe take, sai dai mutanen Babban Giji da Gyadi-Gyadi su duba wanda zai shiga.

Kujerar Tarauni ɗaya ce cikin 40 na majalisar jihar Kano, amma ba ta wasa ba ce. Majalisar nan ce ta raba masarautar Kano a 2019, ita ce kuma ta rushe dokar rabawar a Mayun 2024, duk cikin gaggawa. Ita ke amincewa da kasafin kuɗi da bashin da gwamna zai ciyo. Wanda ya hau bisa jar hula ko tsintsiya kaɗai, ranar ƙuri'a a majalisa hannu kawai zai ɗaga.

Hukumar zaɓe tana liƙa takardun 'yan takara a mazaɓa, a je a karanta. Sannan a tambayi mai nema: wace sana'a ya riƙe? Me zai ce kan kwatocin da ke cikewa da leda duk damina, da ajin firamaren da yara ke zaune a ƙasa? Rabon atamfa da taliya ba amsa ba ce.