Farar tsuntsuwa a kan baƙin dutse

Duk wanda ya hau tsaunukan Cairngorms na arewacin Sikotland da madubin hangen nesa a wuya, akwai tsuntsuwar da yake fatan gani fiye da saura. Sunanta tamigan, dangin makwarwa ce, kuma ba ta sauka kwari. Can sama take rayuwa, inda itatuwa suka ƙare, sai tsakuwa da gajerun tsirrai da iska mai yanka fuska. Ƙafafunta a lulluɓe suke da gashi har yatsu, shi ya sa masana suka ba jinsinta sunan Girkanci mai ma'anar ƙafar zomo.

Makaminta ɗaya ne: sajewa da ƙasa. Sau uku take sauya gashi a shekara. Lokacin zafi takan yi ruwan toka da ɗigo-ɗigo kamar dutse, da hunturu kuwa ta koma fari fat kamar dusar ƙanƙara. Idan ta hangi haɗari ba ta tashi, lafewa take yi. Masu kallon tsuntsaye da yawa suna ɗaukar wannan lafewar a matsayin sabo da mutane, sai su matsa kusa don ɗaukar hoto. Kuskure ne babba. Tsuntsuwar tana jiran a wuce ne, kuma duk tashin da aka tilasta mata a tsakiyar hunturu yana cinye ƙarfin da ta tara da ƙyar daga tohon tsirrai.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. Abin da ke sa ta koma fari, galibi, gajartar yini ce, ba zubar dusar ba. Idan dusa ta yi jinkiri, sai ga farar tsuntsuwa a kan baƙin dutse, ana hango ta daga nesa. Mai kallo ya yi murnar sa'a, amma gaggafa ma tana da ido. Dusar kuwa tana ja da baya. Wani tarin dusa da ake kira Sphinx a tsaunin Braeriach sau uku kacal ya narke ƙurmus a ƙarni na 20, a 1933 da 1959 da 1996. Daga 2017 narkewarsa ta zama kusan abin kowace shekara. A 2021 aka saka tamigan cikin jan jerin tsuntsayen Birtaniya da ake tsoron raguwarsu.

Ba yanayi kaɗai ke da laifi ba. Masana Adam Watson da Robert Moss sun bi diddigin tamigan a wurin wasan zamiya na Cairn Gorm, suka gano cewa wayoyin na'urar ɗaga mutane suna kashe su, hankaki kuma sun biyo guntun abincin baƙi suna cinye ƙwai. Ɓawon burodin da aka yar a kan hanya ke nan.

Hana mutane hawa ba mafita ba ce, domin wanda bai taɓa jin kukan namijin ba, mai kama da ƙarar tsohuwar ƙofa, da wuya ya damu da makomarsa. Abin da ya wajaba shi ne mai kallo ya tsaya inda madubinsa ya isar masa, ya riƙe karensa da igiya a watannin Mayu da Yuni lokacin da macen ke kwance kan ƙwai a ƙasa, ya kuma sauko da sharar da ya hau da ita.