Sabon Oga, Ajiye Kwaɗon Nan Tukuna

Maganar wannan mako ta waɗanda aka yi wa ƙarin girma ce, aka damƙa musu sashe a laburare. Allah ya sanya alheri. Amma akwai abin da muka gaji da gani.

Kusan kowane sabon oga da abu biyu yake fara aiki: jan biro a kan rajistar zuwa aiki, da sabon kwaɗo a jikin kabad. Jan biron ba mu ƙi ba, ƙarfe takwas dai ƙarfe takwas ce. Kwaɗon muke rigima da shi.

Mun san dalili. Ranar karɓar aiki an sa ka sa hannu a kan adadin littattafai, kuma ka san idan aka zo ƙidaya aka ga giɓi, kai za a aiko wa takardar tuhuma. Sai ka kwashe littattafan da aka fi nema, na lissafi, na kimiyya, na aikin jinya, tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC, ka kulle. Yarinya ta biya kuɗin adaidaita ta zo, a ce mai makulli ya tafi banki. Gobe a ce yana taro. Jibi ba za ta dawo ba, kuma babu rajistar da za ta nuna an rasa ta. Ƙidayarka ta cika, kujeru babu kowa. Tun 1931 Ranganathan, malamin laburaren nan na Indiya, ya sa amfani da littafi a farkon dokokinsa biyar. Duk mun haddace wannan don jarrabawa, muna samun kujera muka mance.

Za a ce ai ana sata, ana yage shafi. Ƙwarai kuwa. Maganinsa mutum a bakin ƙofa, wurin ajiye jaka, da teburin da ake ba da littafin da ake rububi na awa biyu a karanta a ciki. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu irin na Gidan Arewa a Kaduna sun cancanci makulli, don babu na biyunsu. Littafin kimiyya na 'yan sakandare fa, da za a samu a kowane shagon littattafai?

Kuma da yawa daga abin da muke kira ɓatattu suna nan cikin ɗakin. A tsarin Dewey, adabin Hausa yana lamba 893.72, yawancin adabin sauran harsunan Afirka kuma yana 896. Wani ya ga littafin Hausa, ya ce ai na Afirka ne, ya cusa shi a 896. Shi ke nan, katalog na cewa akwai, kanta na cewa babu, sai a ɗora wa ɗalibai sata. Bin kanta lamba bayan lamba kowace safiya ne ke fito da irin waɗannan, aikin da oga ke ganin ya fi ƙarfinsa.

Baƙo ko da ido makaho ne, ko da kuwa daga sashen da ke maƙwabtaka aka kawo shi. Dattijon nan mai jera littattafai, wanda ba shi da digiri, shi ya san kusurwar da ke yoyo da damina, da kantar da gara ta fara ci ta baya, da malamin da ya riƙe littafi tun bara ba mai iya yi masa magana. Ba zai faɗa maka ba idan gaisuwarku ta farko da jan biro ce.

Saboda haka watanka na farko, oga, ka yi shi a teburin aro, ba a ofis ba. Ka ajiye littafin rubutu guda, duk abin da aka nema ba a samu ba a rubuta, da dalili: an ara, an kulle, ko ba a gani ba. Ƙarshen wata ka ƙirga sau nawa aka rubuta "an kulle", sannan ka zo mu yi maganar kwaɗo.